Monstera tana rawaya, sabon ganyenta kuma ba ya tsagewa: taki take so ko ruwa?

Tambayar a taƙaice: wata baiwar Allah ta sayi monstera, wata shukar ado ta cikin gida, kimanin wata takwas da suka wuce, da manyan ganyenta masu tsage-tsage da huji. Ta ajiye ta a kusurwar falo don ta ƙawata wurin, ta canja mata wata babbar tukunya, ta zuba tsakuwa a gindin tukunyar, tana kuma ba ta ruwa duk Litinin da Juma'a ba fashi. Yanzu ganyen ƙasa suna rawaya ɗaya bayan ɗaya, sababbin da ke fitowa ƙanana ne babu tsaga babu huji, ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje suna tashi daga cikin ƙasar. Tana so ta san wane taki za ta saya, da kuma ko ta ƙara yawan ban ruwa.

Malama, ki ajiye kuɗin takin nan tukuna, kuma kada ki ƙara mata ko ɗigon ruwa sai kin karanta wannan amsar zuwa ƙarshe. Duk alamomin da kika lissafa, asalinsu guda ne: haske ya yi wa shukarki ƙaranci. Da yake ba ta samun haske, ba ta iya shanye ruwan da kike ba ta, sai ruwan ya kwanta cikin tukunya yana shaƙe saiwoyi. Rawayar ganye daga nan take, ƙudajen ma daga nan suke. Idan kika zuba taki a wannan hali, gishiri kika zuba a kan saiwar da ta riga ta yi rauni.

Sai mu fara da inda shukar ta fito, domin halinta duk yana can. Monstera deliciosa 'yar dazuzzukan kurmi ce, daga kudancin Meziko har zuwa Panama, kuma masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, Frederik Liebmann, shi ya ba ta wannan suna a 1849. Mahayiya ce. Tana tsirowa a ƙasa, ta nemi gindin babbar bishiya, ta manne, ta yi ta hawa har ta kai mita 20 ko kusa da haka. A 1975 wasu masana biyu, Donald Strong da Thomas Ray, sun lura da wata 'yar'uwarta a Kosta Rika, suka ga cewa ƙaramin tsiron yana miƙewa ne zuwa inda duhu ya fi yawa, saɓanin yadda aka saba gani a tsirrai. Dalilin kuwa, a cikin kurmi wuri mafi duhu shi ne gindin bishiya, bishiyar kuma ita ce hanyarsa ta zuwa sama. Da ya kama ta, sai ya juya ya bi haske. To ki duba, ko lokacin da take bin duhu, haske take nema. Masu sayarwa da ke cewa "wannan shukar inuwa ce" rabin gaskiya suka faɗa miki. Tana jure inuwa na ɗan lokaci, amma ba ta girma a cikinta.

Manyan ganyen da suka burge ki ranar da kika saye ta, ba a falonki aka yi su ba. An yi su ne a gidan rainon shuke-shuke, ƙarƙashin rufin da haske ke ratsawa tun safe har yamma. Kowane ganye yana fitowa daidai da ƙarfin da shukar ta tara kafin ta yi shi. Hujin da tsagar suna samuwa ne tun ganyen yana ƙarami a naɗe, inda wasu ƙwayoyin halittarsa ke mutuwa a wurare ƙayyadaddu, sannan ramin ya faɗaɗa yayin da ganyen ke buɗewa. Saboda haka ganyen da ya buɗe babu huji ba zai taɓa yin huji ba, ko shekara nawa ya yi. Kada ki zauna jiransa. Game da amfanin hujin kansa, Christopher Muir ya kawo wani bayani a 2013 da na fi gamsuwa da shi: ganye mai huji yana shimfiɗuwa a fili mai faɗi ba tare da shukar ta kashe ƙarin ƙarfi ba, ta haka yake yawan dacewa da ɗigon hasken rana da ke ratsowa ta tsakanin rassan bishiyoyi. Ko ma dai mene ne dalilin, abin da masu raino suka tabbatar a aikace shi ne, shuka mai tsufa da isasshen haske da abin hawa tana tsaga ganye, wadda ta rasa waɗannan kuma tana komawa yin ƙananan ganye irin na yarinta. Taki ta koma yarinta ke nan.

Na san za ki ce falonki yana da haske, kina karatu a ciki ba tare da kunna fitila ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Idon mutum yana daidaita kansa da kowane irin haske, shi ya sa ba ya iya auna shi. Tsakar rana a fili hasken yana kaiwa luks 100,000, luks kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin haske. A tsakiyar ɗaki, wanda mu muke gani fes, sau da yawa bai wuce luks 200 zuwa 500 ba. Kusa da taga mai kyau za a iya samun dubbai, amma da kin matsa mita biyu ko uku ciki, mafi yawansa ya tafi, kusurwa kuma ita ce ta fi kowane wuri talauci domin bango biyu sun tare ta. Monstera tana son dubban nan ne. Ki gwada da kanki: da hantsi, ki ɗora farar takarda a inda tukunyar take, ki riƙe hannunki sama da ita kamar santimita 30. Idan inuwar hannun ta fito sosai har kina iya ƙirga yatsu, wurin yana da haske. Idan ta fito dishi-dishi, matsakaici ne. Idan da ƙyar kike ganin wani abu, wurin ba na shuka ba ne. Akwai manhajojin waya masu auna haske, ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, amma sun isa su nuna miki bambancin bakin taga da kusurwa, kuma bambancin zai ba ki mamaki. Wata dabara mai sauƙi ita ce ki durƙusa daidai tsayin ganyen ki kalli taga. Idan ba kya ganin sararin sama daga nan, ita ma shukar ba ta ganinsa.

Inda ya fi dacewa da ita shi ne cikin mita ɗaya daga taga mai faɗi. Tagar gabas ta fi kowacce, domin ranar safe ba ta da zafi, sa'a biyu ko uku nata alheri ne ga shukar. Idan taga ce da rana ke dukanta da azahar ko la'asar, ki sa siririn labule mai ratsa haske, ko ki ɗan ja tukunyar baya. Sai dai kada ki ɗauke ta daga kusurwa ki dangwarar da ita a rana kai tsaye. Ganyen da ya saba da duhu yana ƙonewa cikin 'yan sa'o'i, tabon ƙunar kuma ba ya warkewa. Ki riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. In kuwa gidan babu taga mai kyau, fitilar LED fara mai ƙarfi, a rataye ta santimita 30 zuwa 50 sama da ganye, a kunne sa'a 10 zuwa 12 a rana, tana yin aikin. Fitilar silin ta falo ba ta cikin lissafi, ta yi nisa da yawa.

Af, idan an ce miki ki ajiye ta can cikin ɗaki don ta tace iska, wannan maganar an yi mata ƙarin gishiri. Ta samo asali ne daga gwajin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi a 1989 cikin rufaffun akwatuna. A 2019 Michael Waring da Bryan Cummings na Jami'ar Drexel suka sake bin irin waɗannan gwaje-gwaje, suka gano cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su kamo abin da shigar iska da fitarta ke yi a gini. Ki zaɓa mata wuri saboda haske, iska kuma ki buɗe taga.

Yanzu ga batun ruwa, wanda nan ne zan fi daɗewa, don nan ne yawancin shuke-shuken cikin gida ke mutuwa. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Haske ne ke sa su buɗe, ta nan shukar ke shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita, ta nan kuma ruwa ke fita a matsayin tururi. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta ja, ta wannan hanyar yake ficewa. Ke nan haske shi ne ke jan ruwa daga tukunya. Monstera biyu masu girma ɗaya, guda a bakin taga guda a kusurwa, ta farko za ta iya busar da ƙasarta cikin kwana biyar ko shida, ta biyun ta kwashe mako uku ƙasarta na jiƙe. Wanda duk ya ce miki "sau biyu a mako" bai ga tagarki ba, bai ga tukunyarki ba, bai kuma san ko lokacin zafi ne ko na sanyi ba. Ki bar kalanda ki tambayi ƙasar.

Saiwa tana numfashi. Iskar oksijin take buƙata, kuma tana samunta ne daga 'yan sararin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika sararin nan ya zauna kwanaki, ƙananan saiwoyi su ne ke fara mutuwa, sannan ƙwayoyin cuta masu son laima, irin su Pythium da Phytophthora, su samu ƙofa su ƙarasa sauran. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganyenta ya yi laushi ya sunkuya tamkar mai jin ƙishirwa. Mai ita ya tausaya mata ya ƙara ruwa. Haka ake kashe ta da tausayi. Saboda haka duk lokacin da kika ga ganye ya langaɓe, kafin ki ɗauko buta, ki tura yatsa cikin ƙasar. Idan a jiƙe take kuma ganye ya langaɓe, matsalar a saiwa take.

Ƙa'idar ita ce, ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, wajen santimita 5. In kin ji sanyin danshi, ki ƙyale ta. In ya bushe, ki ba ta. A tukunya mai zurfi yatsa ba ya isa, sai ki soka siririn tsinken katako har gindi, ki bar shi minti ɗaya ki zaro. Idan ya fito da duhu, ƙasa na manne da shi, akwai sauran ruwa a ƙasa. Ni na fi amincewa da nauyi: ki ɗaga tukunyar bayan kin gama ban ruwa, ki sake ɗaga ta bayan ta bushe, hannunki zai riƙe bambancin, daga nan ba kya buƙatar wani ma'auni. Ranar ban ruwa kuma ki ba ta sosai, a hankali, ko'ina a saman ƙasar, har ruwa ya riƙa fita ta hujin gindi. Bayan minti 20 ki zubar da wanda ya taru a farantin. Ɗan kofi ɗaya kullum ya fi kowane salo muni, saboda sama yana zama a jiƙe ƙudaje na hayayyafa, saiwoyin tsakiya kuma wani lokaci ko ruwan ba ya kai musu. Yawan ruwan da aka zuba a zama ɗaya ba ya kashe shuka matuƙar tukunya na tsiyayewa. Abin da ke kashe ta shi ne maimaitawa kafin ta bushe.

Babbar tukunyar da kika canja mata ta ƙara dagula lamarin. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, babu mai shan ruwanta, sai ta zauna a jiƙe tana kewaye da 'yar saiwar da ke tsakiya. Idan za a canja tukunya, sabuwar ta fi tsohuwar faɗi da santimita 3 zuwa 5 kawai, kuma sai lokacin da saiwoyi suka zagaye ciki ko suka leƙo ta hujin gindi. Tsakuwar gindi ma, duk da yadda mutane suka yi imani da ita, ba ta taimakawa. Ki jiƙa soson wanki ki ɗora shi a kan tsakuwa, za ki ga ruwa ya taru a ƙasan soson ya ƙi sauka, sai fa idan ya cika ya tumbatsa. Haka ƙasar tukunya take: a gindinta kullum akwai wani sashe da ke riƙe ruwa, kuma ruwa ba ya son ƙetarawa daga ƙasa mai laushi zuwa cikin manyan duwatsu. Tsakuwar ba ta kawar da wannan jiƙaƙƙen sashen ba, ta dai ɗago shi sama ne kusa da saiwa. Abin da ake buƙata huji ne a gindi, babba, ko da yawa. Idan tukunyar adon da kike so ba ta da huji, ki shuka a ta roba mai huji ki zura ta ciki, ki riƙa fito da ita ranar ban ruwa. Ga mai saurin hannu wajen ba da ruwa, tukunyar yumɓu marar fenti ta fi, domin jikinta na fitar da danshi.

Ga abin da za ki yi a wannan makon. Ki shimfiɗa leda, ki kwantar da tukunyar a gefe, ki zaro shukar a hankali kina riƙe da gindin kara. Ki kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar da yatsu ki dubi saiwoyin da kyau. Lafiyayyar saiwar monstera kakkaura ce, fara ko ruwan madara, tana da tauri idan kika matsa. Ruɓaɓɓiya baƙa-baƙa ce ko ruwan ƙasa, laɓo-laɓo, idan kika ja ta sai fatar ta zame ta bar wani siririn zare a hannunki, sau da yawa kuma da wari mai tsami. Ki goge almakashi da sifirit, ki yanke duk ruɓaɓɓun har inda kika ga farin nama, ki sake goge almakashin tsakanin yanka da yanka. Kada ki ji tsoron ragewa, saiwa goma masu rai sun fi ɗari da ake tababa a kansu. Tsohuwar ƙasar ki zubar da ita, kada ki maida. Ki zaɓi tukunyar da ta yi daidai da saiwar da ta rage, ko da ta yi miki ƙanƙanta a ido.

Ki sa safar hannu yayin wannan aikin. Ruwan jikin monstera yana ɗauke da wasu ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet, suna sa ƙaiƙayi a fata, idan kuma aka tauna ganyen baki da maƙogwaro su yi zafi su kumbura. In akwai yaro mai rarrafe, ko kyanwa, ko kare a gidan, ki sa ta inda ba za su kai ba, ki kuma kwashe yankakkun ganye nan take.

Sabuwar ƙasar ta zama mai garaje. Shukar da ta saba manne wa ɓawon bishiya ba ta son taɓo. Haɗin da ba ya ba da kunya shi ne kashi ɗaya na gutsattsarin ɓawon itace, kashi ɗaya na garin ɓawon kwakwa ko ƙasar tukunya da ake sayarwa a buhu, kashi ɗaya na farlayit, wato farin dutsen nan marar nauyi, ko dutsen aman wuta mai ramuka, sai ɗan dakakken gawayi cikin tafin hannu. Ki jiƙa shi ki dunƙule a hannu ki buɗe. Idan ya wargaje da ɗan taɓawa, ya yi. Idan ya tsaya curi guda yana sheƙi, ki ƙara ɓawo. Ƙasar lambu zalla tana dunƙulewa ta toshe a tukunya, lallausan yashi kuma cike ramukan iska yake yi maimakon ya buɗe su. Kada ki binne karan fiye da inda yake a da, kada kuma ki danne ƙasar da ƙarfi. Ki ba ta ruwa sau ɗaya ta zauna, sannan ki koma ga gwajin yatsa.

Idan kika tarar ruɓar ta haura cikin karan, ya yi baƙi ya yi laushi, to gindin ya tafi, amma shukar ba ta tafi ba. Ki yanke sama da ruɓar, ki tabbata abin da kika yanko yana da gaɓa, wato ɗan kumburin da ganye da saiwar iska, wadda ke tsirowa a jikin kara a waje, ke fitowa daga gare shi. A gaɓar nan idon sabon toho yake. Ganye da hannunsa kaɗai, babu gaɓa, zai iya zama kore cikin kwalba na watanni amma ba zai taɓa zama shuka ba. Ki bar yankan ya sha iska na 'yan sa'o'i, ki sa gaɓar cikin ruwa mai tsabta kina canja shi duk bayan 'yan kwanaki, ko cikin gansakuka mai ɗan danshi. Idan saiwoyi sun kai santimita 5 zuwa 10 sun fara yin rassa, ki maida ita ƙasa.

Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba zai koma kore ba. Ki bar shi sai ya gama, domin shukar tana janye abin da ke cikinsa ne zuwa sababbin ganye, sannan ki yanke. Tsohon ganye guda a can ƙasa ya yi rawaya jifa-jifa ba abin damuwa ba ne, tsufa ne. Biyu ko uku a jere cikin wata guda, shi ne ake bincike.

Ƙudajen ba sa buƙatar dogon yaƙi. Tsutsotsinsu suna rayuwa a saman jiƙaƙƙiyar ƙasa suna cin fumfuna da ruɓaɓɓen abu, kuma daga ƙwai zuwa ƙuda mako uku ne zuwa huɗu. Sabuwar ƙasa da barin sama ya bushe suna yanke musu hanya. Takarda mai rawaya mai danƙo za ta kama manyan da suka rage.

Abu na gaba da zai dawo miki da manyan ganye shi ne abin hawa. Yawancin mutane suna barin monstera ta bazu a ƙasa, sai ta cinye wuri, ganyenta kuma ya tsaya a matsakaici. Ki dubi karan da kyau za ki ga yana da gaba da baya: ganye duk suna fuskantar gefe guda, saiwoyin iska kuma suna fitowa ta ɗaya gefen. Wannan gefen na saiwoyi shi ne bayan, shi ke jingina da bishiya a daji. Tun kina canja tukunya ki kafa sanda mai ƙarfi a bayan, wadda aka naɗe da zaren kwakwa ko gansakuka, ko ma faffaɗan katako, ki ɗaure karan da tsumma mai laushi ba tare da kin matse ba. Karan kawai za ki ɗaure. Hannun ganye, wato dogon siririn da ke riƙe da ganyen, ki bar shi sake, domin da shi ganyen ke juyawa ya fuskanci haske, kuma daga cikin kubensa sabon ganye ke fitowa. Gaban shukar ya kalli taga. Shawarar nan ta a riƙa juya tukunya duk mako tana da amfani ga wasu shuke-shuke, amma ga monstera da ke kan sanda murɗe ganye kawai take jawowa. Saiwoyin iska kuma, waɗannan dogayen masu ruwan ƙasa da wasu ke ƙyama, ki lanƙwasa su cikin tukunya ko jikin sandar. Wadda ta shiga ƙasa tana zama saiwa sosai ta ƙara wa shukar ƙarfi. In wata ta dame ki, yanke ta ba zai kashe shukar ba.

Sai takin da kika tambaya. Bayan wannan tiyatar, kada ki ba ta komai har mako huɗu zuwa shida, ko sai kin ga sabon ganye ya leƙo. Daga nan ki nemi takin ruwa na shuke-shuken ganye. Lambobi ukun da ke jikin kwalba suna nuna naitirojin da fosfaras da fotasiyam, kuma ga shukar da ganye ake so daga gare ta, mai rabon 3-1-2 ko kusa da haka ya dace, ko da yake wanda lambobinsa suke daidai wa daida ma zai yi. Ki haɗa rabin abin da aka rubuta, sau ɗaya a wata, a kan ƙasa mai danshi, kuma lokacin da take toho kawai. Duk bayan wata uku ko huɗu ki kwarara mata ruwa mai yawa ya wanke gishirin da ya taru. Farin ɓawo a saman ƙasa ko a bakin tukunya, tare da bakin ganye da ke ƙonewa, alamar gishirin ya yi yawa ce.

Zafin da mutum ke jin daɗinsa ita ma shi take so, digiri 18 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da 10 girma yana tsayawa, ganye ya fara lalacewa. Kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi ta riƙa busa ta kai tsaye. Fesa wa ganye ruwa da 'yar kwalba ba ya ƙara laimar ɗaki sai na 'yan mintoci, ni dai ban ga amfaninsa ba, monstera kuma ta fi yawancin 'yan'uwanta jure busasshiyar iska. Abin da ke da amfani shi ne goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma duk bayan mako biyu ko uku, gaba da baya, kina tallafe shi da tafin hannu. Ƙura tana tare haske, ga shi dama hasken bai ishe ta ba. Kada ki shafa masa mai don ya yi ƙyalli, ƙura yake kamawa. Lokacin gogewar ne kuma za ki kama ƙwari tun ba su yi yawa ba: farin abu mai kama da auduga a lungun hannun ganye, wanda ake cirewa da auduga da sifirit, siririyar yana da ɗigo-ɗigon rawaya, aikin ƙananan gizo-gizo masu son bushewa, ko tabo mai launin azurfa da baƙaƙen ɗigo a bayan ganye, aikin wasu siraran ƙwari da ake kira tirifs, waɗanda su ne mafi taurin kai. Ga biyun ƙarshe, ki ware shukar daga sauran, ki wanke ta da ruwa, ki fesa ruwan sabulun ƙwari ko man darbejiya da yamma, ki maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, saboda feshi ɗaya ba ya kashe ƙwai.

Idan wata safiya kika ga ɗigon ruwa a bakin ganye, ba cuta ba ce. Da dare ƙofofin ganye suna rufe, saiwa kuma tana ci gaba da turo ruwa, sai ya fita ta gefen ganyen. Yana nuna saiwa na aiki, in kuma ya zama kullum, ƙasar ta cika jiƙewa.

Kada ki sa ran ganin canji da wuri. Bayan an taɓa saiwa, shukar takan yi shiru na makonni, wataƙila ma ta sake zubar da ganye ɗaya ko biyu, domin saiwar da ta rage ba za ta iya ɗaukar duka ba. Wannan ba dalili ba ne na sake tono ta ko canja mata wuri. Ganyen farko da zai fito zai iya zama ƙarami babu huji, saboda da ƙarfin da ta tara a kusurwa aka fara shi. Na biyu da na uku su ne za su gaya miki ko hasken ya isa: kowanne ya kamata ya ɗara wanda ya riga shi fitowa girma, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa kuma ta ragu. Idan bayan ganye uku har yanzu suna fitowa ƙanana, karan yana miƙewa dogo siriri zuwa taga, ki ƙara matsar da ita kusa ko ki haɗa mata da fitila.